Arizmendi: Limamin Da Ya Mai Da Ma'aikata Masu Kamfani

A wannan fitowa na kawo muku tarihin wani mutumin ƙasar Sifaniya, amma bari in fara da abin da ya sa na je na tono shi.

A garinmu, can gefen Dambatta, akwai wani Alhaji mai injin matsar man gyaɗa da na niƙa. Mutum 9 ne ke ci a ƙarƙashinsa, har da yayana, wanda ya shekara 11 yana tayar da injin nan kowace safiya. Bara Allah Ya yi wa Alhaji rasuwa. A cikin magada babu mai sha'awar sana'ar, sai aka sayar da injinan aka raba kuɗi. Ba su yi laifi ba, haƙƙinsu ne. Amma yau yayana yana Kudu yana ci-rani, domin gonar gidanmu in aka raba mana mu bakwai, babu wanda zai noma abincin wata uku. Tun lokacin nake tambayar kaina, me ya hana ma'aikatan su saye injin?

Sunan mutumin José María Arizmendiarrieta, amma bari mu taƙaita shi Arizmendi, don kada harshe ya karye. An haife shi a 1915 a Markina, cikin yankin Bask na arewacin Sifaniya. Ɗan manoma ne, kuma ya rasa ido ɗaya tun yana ƙarami. Shi ne ɗan fari, a al'adarsu shi zai gaji gona, amma ya bar wa ƙaninsa ya tafi karatun zama limamin coci. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1936, idon nan ya hana shi zuwa fagen daga, sai ya yi aikin jarida a ɓangaren Baskawa. Sojojin Janar Franco sun kama shi a 1937, aka kai shi kotun soja, da yake da sauran kwana aka sake shi.

A 1941 aka tura shi Mondragon, wani ƙaramin gari da yaƙi ya bar wa yunwa da gaba. Wa'azinsa ma bai burge mutane ba, murya ƙasa-ƙasa, magana mai wuyar ganewa. Amma ya lura da abu guda: makarantar koyon sana'a ta garin ta babban kamfanin ƙarafa ce, kuma galibi 'ya'yan ma'aikatansa take ɗauka. Ya nemi a buɗe wa kowa, aka ƙi. Sai ya bi mutanen gari suka yi karo-karo, a 1943 ya buɗe makarantar fasaha da ɗalibai 20. Kun ga, irin makarantarmu ce, daga nan komai ya faro.

Biyar daga cikin yaransa, bayan sun yi karatun injiniya, sun sayi wani ɗan kamfani a garin Bitoriya a 1955 da rancen da mutanen gari suka haɗa musu. Risho suke ƙerawa, wannan dai na kananzir. A 1956 suka dawo da shi Mondragon da sunan Ulgor, suka ɗora shi kan tsarin da malaminsu ya koya musu. Duk ma'aikaci zai zuba jari ya zama mai kamfani. Kowa ƙuri'a ɗaya gare shi, daga mai shara har injiniya. Ma'aikata ke zaɓen majalisar da ke naɗa manaja, kuma a farko albashin na sama ba ya wuce ninki uku na na ƙasa. Riba kuwa, wani kaso a adana, wani a zuba a asusun kowane ma'aikaci, wani a yi wa gari aiki.

Da ya ga rashin jari zai shaƙe su, sai ya matsa aka kafa bankinsu, Caja Laboral, a 1959, duk da yaran nasa ba su so ba da farko. A 1966 aka kafa Alecop, inda ɗalibai ke aiki rabin yini su biya kuɗin karatunsu. Shi kansa bai taɓa zama manajan ko ɗaya ba, a kan keke yake yawo. Ya rasu ranar 29 ga Nuwamba, 1976.

Ba wai tsarin ba ya tuntuɓe ba ne. An yi yajin aiki a Ulgor a 1974, kuma kamfanin Fagor da ya gaje shi ya karye a 2013. Sai dai akasarin ma'aikatan da ke da jari an raba su a sauran kamfanonin ƙungiyar. Yau wajen mutum 70,000 ke aiki a rukunin Mondragon.

To mu fa? Gayya da adashi ba baƙinmu ba ne, kuma Najeriya na da dokar ƙungiyoyin gama kai tun 1935. Amma yawancin waɗanda na sani a ƙauyukanmu ba sa farkawa sai an ce takin gwamnati ya zo. Da mutum 9 ɗin nan sun yi rajista, sun haɗa adashinsu, sun roƙi magada su karɓi kuɗinsu kashi-kashi, wataƙila da injin na nan yana kuka, magada kuma ba su rasa ko kwabo ba. Abin da suka rasa shi ne wanda zai zauna da su ya yi lissafi, ya rubuta ƙa'ida, ya riƙe littafin shiga da fita tsakani da Allah.

Wannan kuwa shi muka zo koya, mu 'yan akanta da kasuwanci da kanikanci. Saura wata kaɗan mu karɓi difloma. In ka koma gida, ɗan uwa, ka duba gidan burodi ko shagon walda da mai shi ya tsufa, ka fara magana da shi da yaransa tun yana raye. Ni dai na riga na kira yayana. Allah Ya sa mu dace.