Joe Louis, zakaran da bashi ya mayar fage bayan ganiyarsa ta wuce

Duk lokacin da aka doke wani tsohon zakaran damben zamani, muhawara iri ɗaya ce ke tashi a majalisun masu shayi, daga unguwar Goudji ta birnin N'Djamena har zuwa Maraɗi da Kano: shin wanda ya yi nasara gwani ne, ko kuwa tsoho ya tarar? Rayuwar Joe Louis, zakaran duniya na ajin masu nauyi daga 1937 zuwa 1949, ta isa misali ga masu wannan gardama, domin ya tsaya a ɓangarorinta biyu.

An haifi Joseph Louis Barrow ranar 13 ga Mayun 1914 a karkarar jihar Alabama ta Amurka, cikin iyalin baƙaƙen fata manoma. A 1926 iyalin suka ƙaura zuwa Detroit, inda ya koyi dambe. Ya fara wasan neman kuɗi a Yulin 1934 ƙarƙashin kocinsa Jack Blackburn, ya kuma yi ta cin nasara ba tare da faɗuwa ba.

Darasin farko ya same shi ranar 19 ga Yunin 1936 a New York. Abokin karawarsa, Max Schmeling ɗan Jamus, tsohon zakara ne mai shekara 30 da masu sharhi suka ɗauka nasa ya ƙare. Amma Schmeling ya nazarci wasannin yaron, ya lura yana sauke hannun hagu bayan ya kai naushi. Ta wannan kafa ya riƙa shigar da damansa, har ya kwantar da Louis mai shekara 22 a turmi na 12. Wanda aka kira tsoho shi ne ya fara kayar da shi.

Shekara guda bayan haka, ranar 22 ga Yunin 1937, Louis ya karɓe kambun duniya a Chicago daga hannun James Braddock. A nan masu shakka suna da abin faɗa: Braddock yana da shekara 32, kuma rabonsa da wasa tun da ya ci kambun a Yunin 1935. Duk da haka ya kai Louis ƙasa a turmin farko kafin a gama da shi a na takwas. Louis ya rufe bakin kowa ranar 22 ga Yunin 1938, lokacin da ya rama a kan Schmeling cikin minti biyu da daƙiƙa huɗu, gaban 'yan kallo kimanin 70,000, a daidai lokacin da gwamnatin Hitler ke tallata Schmeling a matsayin shaidar fifikon jinsinta. A daren nan nauyin Louis kilo 90 ne. Masana da dama suna ɗaukar wannan zamani a matsayin ganiyarsa.

Ya kare kambunsa sau 25, adadin da har yau ba a kai ba a ajin masu nauyi. A Janairun 1942 ya shiga soja, ya kuma bayar da kuɗin wasanninsa biyu na wannan shekara, da Buddy Baer da Abe Simon, ga asusun tallafa wa sojoji da iyalansu. A shekarar ce Blackburn ya rasu. Louis ya shafe lokacin yaƙin yana wasannin nishaɗantar da dakaru, kuma daga Maris 1942 bai sake hawa babban wasan kare kambu ba sai Yunin 1946. Shekara huɗu ke nan daga tsakiyar ƙuruciyarsa.

Alamar ja da baya ta fito fili ranar 5 ga Disambar 1947. Jersey Joe Walcott, wanda ba a ba shi wata dama ba, ya kai Louis ƙasa sau biyu. Alƙalai biyu suka ba Louis nasara, alƙalin tsakiya ya ba Walcott, 'yan kallo kuma suka yi ta ihun rashin yarda. A karawa ta biyu, cikin Yunin 1948, Walcott ya sake kai shi ƙasa kafin Louis ya kwantar da shi a turmi na 11. Ƙarfin naushi yana nan, amma sauri ya ragu. Louis ya gane haka, ya ajiye kambun ranar 1 ga Maris 1949 ba tare da kowa ya ƙwace shi ba.

Da a nan labarin ya tsaya, da faɗuwa ɗaya ce kawai a tarihinsa. Sai dai Louis mutum ne mai sakin hannu, kuma haraji ya taru a kansa har hukumar harajin Amurka tana binsa fiye da dala 500,000. Ba shi da wata sana'a da za ta biya wannan kuɗi. Ranar 27 ga Satumbar 1950 ya dawo neman kambu a hannun Ezzard Charles. Louis yana da shekara 36, nauyinsa ya kai kilo 99, rabonsa da wasan gaske fiye da shekara biyu. Charles mai shekara 29 da kilo 83 ya riga shi kai hannu har ƙarshen turmi 15, alƙalai duka suka ba shi nasara. Louis ya ci wasanni takwas bayan haka, kafin Rocky Marciano mai shekara 28 ya fitar da shi ta tsakanin igiyoyi a turmi na takwas, ranar 26 ga Oktoban 1951. Daga nan bai sake hawa wasan gasa ba. Ya bar tarihin nasara 66 da faɗuwa uku.

Mai sauƙin hukunci zai ce shekaru ne suka ci shi. Amma Walcott ya ɓata wannan lissafi. Shi ma a 1914 aka haife shi, har ya girmi Louis da 'yan watanni. A Yulin 1951, yana da shekara 37, ya kwantar da Charles ɗin da ya gagari Louis, ya zama zakaran duniya. A Satumbar 1952 kuma yana gaban Marciano da maki kafin naushi ɗaya ya kwantar da shi a turmi na 13. Sa'anni ne, amma ɗaya yana sauka lokacin da ɗayan ke hawa.

Don haka takardar haihuwa ba ta raba wannan gardama. Abin dubawa shi ne tsawon lokacin da ɗan dambe ya yi bai hau fage ba, ƙarin nauyin jikinsa, yadda ya kaya a wasanninsa na baya-bayan nan, da kuma abin da ya kawo shi, buri ko bashi. Da wannan ma'auni, Schmeling na 1936 bai ƙare ba, Louis na 1950 kuwa ya wuce ganiyarsa. Wannan ba ya share nasarar Charles, wanda ya doke mutumin da aka kawo gabansa. Amma ba Louis na 1938 ya doke ba.

Bashin harajin ya bi Louis shekaru masu yawa. Ya taɓa kokawar nishaɗi don neman kuɗi, daga bisani ya yi aikin tarbar baƙi a otal ɗin Caesars Palace na Las Vegas. A garin ya rasu ranar 12 ga Afrilun 1981 yana da shekara 66, aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington.