Adekunle Fajuyi: Gwamnan Da Aka Naɗa, Wanda Ya Mutu Tare Da Baƙonsa A Badun



Ni ɗan Sabo ne, a Badun aka haife ni, mahaifina kuma fataucin shanu yake yi. Tun ina yaro nake bin titin Adekunle Fajuyi da ke kusa da unguwarmu, ban taɓa tambayar ko wane ne mai sunan ba. Sai ran da na raka mahaifina kai wa wani mahauci shanu ta hanyar Iwo. Da muka iso Lalupon ya nuna mini daji, ya ce a wajejen nan aka kashe shugaban ƙasa da gwamna rana ɗaya. Daga ranar na fara bin diddigin mutumin. Abin da na samu shi ne zan ba ku yau, don labarinsa ya shafe mu fiye da yadda muke zato.

An haifi Francis Adekunle Fajuyi a Ado-Ekiti ranar 26 ga Yuni, 1926. Ya ɗan taɓa koyarwa da aikin akawu, sannan ya shiga soja a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Daga ƙasa ya faro, cikin ƙananan sojoji. A 1951 Turawa suka ba shi lambar yabo saboda rawar da ya taka wajen kwantar da wani bore da sojoji suka tayar a kan abinci. A 1954 aka tura shi Ingila horo, ya dawo hafsa. Da rikicin Kwango ya ɓarke bayan samun 'yancinsu a 1960, yana cikin sojojin Najeriya da suka je ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. A yankin Katanga aka yi wa rundunarsa kwanton ɓauna, ya fitar da su, aka ba shi lambar jarumta ta Military Cross. Da ya dawo gida ya riƙe bataliya ta 1 a Enugu, daga baya aka mai da shi barikin Abeokuta.

To kafin mu zo kan gwamnancinsa, bari mu ɗan koma baya, don kalmar gwamna a lokacin ba ita ce ta yau ba. A Jamhuriya ta Farko ƙasar jihohi huɗu ce manya: Arewa, Yamma, Gabas da Tsakiyar Yamma. Kowace tana da firimiya, tana kuma da gwamna. Firimiya shi ne ɗan siyasar da jam'iyyarsa ta ci zaɓe, mulki na hannunsa. Gwamna kuwa naɗa shi ake yi, uban jiha ne, ya sa hannu a kan doka, ya buɗe majalisa, ya karɓi baƙi. A Arewa Sardauna ne firimiya, Sa Kashim Ibrahim gwamna. A Yamma Ooni na Ife, Sa Adesoji Aderemi, ya zama gwamna a 1960, bayansa Sa Odeleye Fadahunsi, firimiya kuma Samuel Ladoke Akintola. A 1962 ma, da rikicin jam'iyyar Action Group ya yi tsanani, gwamnatin tarayya ta sa dokar ta-ɓaci ta naɗa Dakta Moses Majekodunmi ya riƙe jihar na wasu watanni. Kun ga ke nan, Yamma ta san naɗaɗɗen mai mulki tun kafin soja su zo.

Zaɓen Oktoba 1965 a Yamma shi ya ƙarasa dagula al'amura. Aka yi zargin maguɗi, aka shiga ƙone-ƙonen da ake kira Wetie, ana watsa wa gidaje da motoci fetur, har da mutane. Ana cikin haka aka wayi gari ranar 15 ga Janairu, 1966. Mu 'yan Arewa babu wanda zai ba mu labarin wannan rana. An kashe Sardauna a Kaduna, an kashe Tafawa Ɓalewa, an kashe Akintola a nan Badun, an kashe manyan hafsoshinmu irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da Laftanar Kanar Abogo Largema. Allah ya jiƙan musulmi. Mulki ya faɗa hannun Manjo Janar Aguiyi-Ironsi, shi kuma ya naɗa gwamnonin soja huɗu: Hassan Usman Katsina a Arewa, Odumegwu Ojukwu a Gabas, David Ejoor a Tsakiyar Yamma, sai Fajuyi a Yamma.

Daga nan gwamna ya zama wani abu dabam. Babu firimiya, babu majalisa, babu jam'iyya. Mutum ɗaya ya haɗa aikinsu duka, in ya sa hannu a takarda ta zama doka. Amma fa wanda ya ɗora shi na iya sauke shi da sanarwar rediyo kawai. Talaka bai zaɓe shi ba, bai kuma da hanyar cire shi. Irin wannan kujera, wallahi, sai halin mutumin da ke kanta. In an dace da mai tsoron Allah a sha iska, in ba a dace ba babu inda za a kai ƙara.

Fajuyi wata shida da 'yan kwanaki kacal ya yi a kanta. Ya tarar da jiha tana hayaƙi, ƙone-ƙonen suka lafa, kasuwanni suka ci gaba da ci. Sai dai a sama abubuwa na ta ruɓewa. Ba a gurfanar da waɗanda suka yi kisan Janairu ba. Ranar 24 ga Mayu kuma Ironsi ya fito da Doka ta 34, wadda ta soke tsarin tarayya ta mai da jihohin rukunin larduna. A Arewa aka ɗauke ta a matsayin shirin mamaya, kafin watan ya ƙare tarzoma ta tashi a garuruwa da dama, aka kashe 'yan kabilar Ibo masu yawa. Don ya kwantar da hankula Ironsi ya shiga rangadi. Ranar 28 ga Yuli ya zo Badun ya gana da sarakunan ƙasar nan, ya kwana a gidan gwamnati na Agodi. Wato a daren nan shugaban ƙasa baƙo ne, Fajuyi mai masaukinsa.

Kafin gari ya waye ranar 29 ga Yuli sojoji 'yan Arewa suka kewaye gidan. Da yawansu daga bataliya ta 4 ta nan Badun suke, wadda aka kashe mata kwamanda, Largema, a Janairu. Zukatansu cike suke. Suka fito da Ironsi da Fajuyi, suka sa su a mota, suka nufi hanyar Iwo. A dajin Lalupon aka harbe su. Fajuyi na da shekara 40 a duniya.

Labarin da ya fi yaɗuwa a ƙasar Yarbawa shi ne Ironsi aka zo nema, Fajuyi ya ƙi yarda a fita da baƙonsa shi ya zauna a gida, ya ce duk inda za a kai shi tare za su. Wasu daga ɓangaren waɗanda suka yi juyin kuma sun ce dama yana cikin lissafinsu, don suna zarginsa da kusanci da matasan hafsoshin Janairu. Duk wanda mutum ya ɗauka, abu guda bai canza ba. Baƙo ya kwana a gidansa, da bala'i ya zo tare aka fita da su, a wuri ɗaya suka mutu. A farkon 1967, bayan taron Aburi a Gana, aka miƙa gawarwakin ga iyalansu. Aka binne Ironsi a Umuahia, Fajuyi a Ado-Ekiti.

Kujerar ba ta daɗe babu kowa ba, Yakubu Gowon ya naɗa Kanar Adeyinka Adebayo. Ranar 27 ga Mayu, 1967 ya raba ƙasar jiha 12, kusan duka da gwamnan soja ko ɗan sanda, kamar Audu Bako na Kano da har yau ake cin moriyar madatsun ruwansa irin su Tiga. Da Murtala ya zo a 1975 ya sallame su gaba ɗaya, bincike kuma ya wanke biyu kawai, Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Yamma. Sai a 1979 talaka ya fara zaɓen gwamna mai cikakken iko da ƙuri'arsa. Soja suka dawo a ƙarshen 1983, naɗi ya dawo, in ban da ɗan tsakanin 1992 zuwa 1993, har zuwa 1999. Ko a wannan jamhuriya ƙofar ba ta rufe ba. A ƙarƙashin dokar ta-ɓaci Obasanjo ya naɗa kantoma a Filato a 2004, da Ekiti, jihar Fajuyi kansa, a 2006. A 2025 kuma Tinubu ya yi haka a Ribas.

Me ya sa ni Bahaushe nake rubutu a kan Bayaraben da sojojin Arewa suka kashe? Na san wani zai ce ina zafin Sardauna. Zafin na nan, ban ce a manta ba. Amma ni a kara na girma. Bafatake zai taso daga Arewa da shanu cike da tirela, ya sauka a gidan fatoma, ya damƙa masa dukiyar da ya tara shekara da shekaru, babu takarda babu shaida. Abin da ke riƙe da wannan ciniki duka amana ce, an san mai gida ba zai sayar da baƙonsa ba. Ran da fatoma ya ci amana sau ɗaya, ya gama yawo a kasuwa. Hausawa suka ce baƙonka Annabinka.

Mu kuma a nan Kudu, ko da a nan aka yanke mana cibi, in rana ta ɓaci baƙi ake kiranmu. Mun gani a rikicin kasuwar Sasa a Fabrairun 2021. A kwanakin nan wani ƙanen mahaifina ya kwana biyu a ɗakin wata tsohuwa Bayarabiya da yake haya a gidanta. Ta rufe ƙofa, ta zauna a bakinta. Ba ta da bindiga, ba ta da muƙami. Da na karanta ƙarshen Fajuyi ita ta fara faɗo mini a rai.

Yau sunansa na kan barikin Odogbo a nan Badun, da ɗakin kwanan ɗalibai a jami'ar Ile-Ife, da dandali a tsakiyar Ado-Ekiti. Gwamnoni da yawa sun yi shekaru a kan mulki, sunansu ko a bakin 'yan acaɓa babu. Shi wata shida ya yi.

Shawarata gare mu guda biyu ce. Tunda yanzu zaɓen gwamna ake yi, duk wanda ya kai shekara 18 ya yi rajista a inda yake zaune, ya daina cewa sai ya je gida. Kakanninmu sun zauna ƙarƙashin gwamnonin da ba su da ta cewa a kansu, mu muna da ita. Na biyu, baƙon da ke zaune a Sabon Garin Kano ko Zariya, shi ma amana ce a hannun 'yan uwanmu. In mun buga waya gida mu riƙa tuna musu, don yadda aka riƙe na can yana da alaƙa da yadda za mu kwana a nan.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya haɗa mu da masu masauki na gari. Amin.