Florence Nightingale, Uwar Masu Jiyya

Duk wanda ya taɓa kwana da mara lafiya a asibitin Gwarzo ko na Kabo ya san likita ya kan duba ne ya wuce, nas ita ke raba dare a kan majiyyaci. To, ita nas ɗin wa ke kula da ita? Wannan tambaya ce ta ci yawancin rayuwar wata Baturiyar Ingila mai suna Florence Nightingale.

An haife ta ran 12 ga Mayu, 1820, a birnin Florence na ƙasar Italiya, shi ya sa aka raɗa mata sunan garin. Iyayenta attajirai ne, ba su so ta yi jiyya ba, gama a zamanin nan aikin ƙasƙanci ne, ba horo, ba albashin kirki. Ta dai nace, har cikin 1851 ta tafi Kaiserswerth ta ƙasar Jamus ta koyo.

Cikin 1853 aka ba ta shugabancin wani ƙaramin asibitin mata a London. Ba ta yarda masu jiyya su wuni suna hawa da sauka da ruwa da abinci ba. Ta sa aka kai ruwan zafi kowane bene, aka kafa na'urar hawar da abinci daga madafa, da ƙararrawa mai nuna ɗakin da a ke kira, domin ƙarfinsu ya ƙare a kan majiyyata.

Da yaƙin Kirimiya ya yi tsanani cikin 1854, sai Gwamnati ta aike ta da mata 38 zuwa asibitin soja na Scutari, hayin birnin Santambul, inda ƙazanta da cuta suka fi harsashi kisa. Can ta yi suna, can kuma ta ga yadda wahala ke karya wanda ba a shirya ba, don sai da aka komar da waɗansunsu gida. Ita kanta ta kamu da zazzaɓin da ya raunana ta shekaru da yawa.

Jama'a suka tara mata fiye da fam 44,000, da shi ta buɗe makarantar jiyya a asibitin St Thomas cikin 1860, da ɗalibai 15. Kowace aka ba ta ɗakinta da abinci da tufafin aiki da fam 10 a shekara. Ta kuma tsaya kai da fata cewa shugabar masu jiyya, wadda ta san zafin aikin, ita za ta riƙe su, ba likita ko ma'aji ba.

Cikin 1865 wata ɗalibarta, Agnes Jones, ta tafi asibitin matalauta na Liverpool da ƙwararru 12 kurum, majiyyata kuwa sun fi dubu. Ta yi ta aiki ba hutu, cuta ta kama ta, ta rasu cikin 1868 tana da shekara 35. Wannan rashi ya girgiza Florence ƙwarai.

Daga 1872 ta ƙara jawo ɗalibanta a jiki. Ta sa aka naɗa uwar ɗaki mai zama tare da su a masaukinsu. Ta kan rubuta musu takardar nasiha a karanta a gabansu. Ta kan kira su gidanta ɗaya bayan ɗaya, ta ji kukan kowace, ta gane inda ta fi gwaninta kafin a tura ta aiki. Wadda aka kai nesa ba ta rasa wasiƙa da littattafai, wadda ta gaji kuwa ta kan nema mata hutu.

Cikin 1907 Sarkin Ingila ya ba ta lambar girma ta Order of Merit, ita ce mace ta fari da ta samu. Ta rasu ran 13 ga Agusta, 1910, tana da shekara 90. Ranar haihuwarta ce a ke bikin masu jiyya na duniya kowace shekara.

Saura ga masu riƙe da asibitocinmu, da akawun da ke shirya takardar albashi, da malamin da ke horon ɗalibai. Kafin a zargi nas da ɗaure fuska, a fara tambaya ko an biya ta a kan kari, ko ta runtsa jiya, ko akwai mai jin kukanta. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya.