Tarihin Davy Jones, mawaƙin da telebijin ya haifa

Yau za mu ba ku labarin wani mawaƙi ɗan ƙasar Ingila wanda ya yi suna a Amurka, ya kuma rasu tun shekarar 2012. A ƙasar Hausa kiɗa gado ne, yaro yana bin ubansa ko maigidansa shekaru kafin a san shi. Shi kuwa wannan mutum, kamfani ne ya ɗauke shi aiki, ya haɗa shi da samari uku waɗanda bai taɓa yin waƙa da su ba, aka ce musu daga yau ku ƙungiya ce. Sunan ƙungiyar The Monkees.

An haifi David Thomas Jones ran 30 ga watan Disamba 1945 a unguwar Openshaw ta birnin Manchester. Ubansa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, shi kaɗai ne namiji cikin ƴaƴa huɗu. Yana da shekara 14 uwarsa ta rasu da ciwon huhu. A 1961 ya fito cikin wasan telebijin mai suna Coronation Street, amma hankalinsa yana wajen dawaki. Da yake gajere ne marar nauyi, irin jikin da ake so ga mahayin dokin sukuwa, sai ya bar makaranta ya tafi garin Newmarket, ya shiga hannun wani mai horon dawaki, Basil Foster. Can ya koyi sharar barga da ɗaura sirdi.

Maigidan nan nasa ne ya sake masa hanya. Da ya ji ana neman yaro don wasan kwaikwayo mai waƙa da ake kira Oliver!, sai ya tura shi. Jones ya yi wasan a London, daga nan aka tafi da shi New York, inda aka sa sunansa cikin waɗanda suka cancanci lambar yabo ta Tony a 1963. Ran 9 ga Fabrairu 1964 ƴan wasan suka fito cikin shirin telebijin na Ed Sullivan. A daren nan ne kuma ƙungiyar The Beatles ta fara fitowa cikin wannan shiri, mutum wajen miliyon 73 suna kallo. Jones yana tsaye gefen dandali, yana ganin yadda ƴan mata ke ihu, sai sha'awar irin wannan suna ta shiga ransa.

Ba shi kaɗai ya lura ba. Wasu masu shirya wasanni su biyu, Bob Rafelson da Bert Schneider, suka yi shawarar su yi wasan ban dariya na telebijin a kan samari huɗu makaɗa masu neman abin kai bakin salati. A watan Satumba 1965 suka sa sanarwa cikin jarida, samari 437 suka zo gwaji. Jones dama yana da yarjejeniya da kamfanin Screen Gems mai shirin, saboda haka shi aka fara ɗauka. Sauran su ne Micky Dolenz da Michael Nesmith da Peter Tork. Aka fara nuna wasan a tashar NBC ran 12 ga Satumba 1966, aka yi kashi 58 kafin a tsaida shi a watan Maris 1968. A 1967 wasan ya sami lambar yabo ta Emmy guda biyu.

To, ga inda gizo ke saƙa. Kamfani ya danƙa sha'anin kiɗa ga wani ɗan kasuwa, Don Kirshner, wanda ke da gwanayen marubuta waƙa a hannunsa, irin su Neil Diamond da Carole King. Su ke tsara yawancin waƙoƙin, makaɗan haya su kaɗa, samarin kuwa galibi muryarsu kawai ake ɗauka. Fayafayan suka yi kasuwa ƙwarai, amma a jikin kwalinsu ba a faɗi wanda ya yi kiɗan ba. A watan Janairu 1967 aka fitar da babban faifansu na biyu ba tare da saninsu ba. Nesmith ya fito ya gaya wa ƴan jarida gaskiya, rigima ta tashi, a watan Fabrairu aka sallami Kirshner. Samarin suka shiga ɗakin ɗaukar murya suka kaɗa da hannunsu, faifan Headquarters ya fito a watan Mayu, ya hau matsayi na ɗaya a Amurka. Mako guda ya yi a nan, sabon faifan The Beatles ya ture shi. Shi kuwa Kirshner, daga baya ya kafa The Archies, ƙungiyar da ƴaƴanta zanen hoto ne masu motsi, waɗanda ba su iya yi masa gardama.

Jones ne farin jinin ƙungiyar. Shi ke gaba yana rawa yana kaɗa caki, da harshensa na mutanen Manchester wanda ya burge Amurkawa. Shi ya rera Daydream Believer, wadda ta yi mako huɗu tana ta ɗaya a watan Disamba 1967. Sunansa kuwa tun kafin wannan ya kai har wani saurayi mawaƙi na London, shi ma David Jones, ya sake suna don kada a riƙa haɗa su. Shi ne duniya ta sani da David Bowie.

Abin da ya hau da sauri yakan sauko da sauri. Sinimar da suka yi a 1968 mai suna Head ba ta sami masu kallo ba. Tork ya fita a ƙarshen shekarar nan, Nesmith ya bi shi a 1970, ƙungiya ta watse. Jones bai kai shekara 26 ba aka fara kiransa tsohon tauraro. Ya koma wasan kwaikwayo da yawon waƙa a ƙananan wurare, yana ciyad da iyalinsa da sana'ar da ya iya.

Yara ne suka riƙe sunansa. Daga 1969 zuwa 1973 tashoshin Amurka suka yi ta maimaita wasan kowace Asabar da safe, lokacin da ƴan makaranta ke gida. Yaran da ba su san rigimar kamfani ba suka tashi da waƙoƙin a bakinsu. A watan Fabrairu 1986 tashar MTV ta jera tsofaffin wasannin tana nunawa, waɗancan yara sun zama iyaye, suka zauna kallo tare da nasu ƴaƴan. A shekarar nan Jones da Dolenz da Tork suka sake haɗuwa, suka zaga Amurka, jama'a na cika filaye. A 1996 duk su huɗu suka yi faifai mai suna Justus, wanda su suka tsara waƙoƙinsa suka kuma kaɗa.

Duk wannan bai raba shi da dawaki ba. A watan Fabrairu 1996, yana da shekara 50, ya hau doki mai suna Digpast a filin sukuwa na Lingfield a Ingila, ya zo na ɗaya. Bai manta da Basil Foster ba kuma: da tsufa ya kama shi, Jones ya kai shi Amurka ya ɗauki nauyinsa. Ran 29 ga Fabrairu 2012 da safe ya je duba dawakinsa a jihar Florida, ciwon zuciya ya kama shi, ya rasu yana da shekara 66. Ya bar ƴaƴa mata huɗu. Tork ya rasu a 2019, Nesmith a 2021.

Masu suka sun daɗe suna cewa The Monkees kayan kanti ne, ba makaɗan gaskiya ba. Asalinsu kam haka yake. Amma kamfani ya ɗauke su ne su yi kwaikwayon makaɗa, su kuwa suka nace sai an bar su su yi aikin da ake sayarwa da sunansu, suka kuma yi shi. Ma'aikaci kowane iri yana iya ɗaukar darasi a nan: wani ne ke ba mutum gurbi, amma mutuncin aikin yana hannun mai yinsa. Jones ya riƙe nasa shekara 50, tun daga bargar Newmarket har ranar da ya cika.