Janar Dumas: abin da hotonsa ya nuna da abin da ya ɓoye

A garin Villers-Cotterêts na ƙasar Faransa, cikin gidan ajiyar kayan tarihi, akwai hoton wani janar baƙar fata bisa doki, sanye da kayan sarki. Olivier Pichat ne ya zana shi da fenti, amma bai taɓa ganin mai hoton ba, domin bayan rasuwarsa aka haife shi. Sunan janar ɗin Thomas-Alexandre Dumas.

An haifi Dumas a shekara ta 1762 a ƙasar da yau ake kira Hayiti. Ubansa basaraken Faransa ne, uwarsa kuwa baiwa. Uban ya jinginar da yaron don ya samu kuɗin jirgi, daga baya ya fanshe shi, aka kai shi Faransa a 1776. A 1786 ya shiga soja a ƙaramin matsayi, ya ajiye sunan ubansa, ya ɗauki na uwarsa.

Dokin da ke cikin hoton ba ado ba ne, cikin mayaƙan doki Dumas ya yi suna. Kayan sarkin ma ba gadonsu ya yi ba. Bayan juyin juya halin Faransa, jarumtakarsa ta kai shi ga matsayin janar a 1793, yana da shekara 31. A 1794 ya shugabanci rundunar da ta kame mashigan duwatsun Alpes cikin ƙanƙara. A 1798 shi ne shugaban mayaƙan doki na Napoleyon a Misira.

Sauran labarin ba ya cikin hoton. A Misira suka ɓata da Napoleyon. Bisa hanyar komawa gida a 1799, jirginsa ya lalace, aka kama shi a Taranto, kudancin Italiya. Ya yi shekara biyu a kurkuku, ya fito ba lafiya. A 1802 Napoleyon ya maido da bauta a ƙasashen da Faransa ke mulki. Dumas bai sake samun aiki ba, ba a kuma biya shi haƙƙinsa ba.

Ya rasu ran 26 ga Fabrairu 1806 a Villers-Cotterêts, ya bar mata cikin talauci da ɗa wanda bai cika shekara huɗu ba. Ɗan nan shi ne Alexandre Dumas, mashahurin marubuci. Girman da mai zane ya ba janar ɗin bisa doki, shi ne girman da aka hana masa yana da rai.