Djibo Bakary: Jagoran Sawaba da ya nemi Nijar ta rabu da Faransa tun 1958

A watan Oktoban 2024 mahukuntan Nijar suka cire sunan Charles de Gaulle daga wani babban titi a birnin Yamai, suka sa na Djibo Bakary. Matasa da yawa, na gida da na ƙetare, a ranar suka fara tambayar ko wane ne wannan mutum. Dattawan Maraɗi da Tasawa da Damagaram kuwa ba su buƙaci bayani ba, domin da sunansa aka raba kan gidaje da kasuwanni a shekarar 1958, lokacin da aka tambayi 'yan Nijar ko za su zauna cikin tarayya da Faransa ko za su fice.

Wannan tambaya ita ce ta ɗaga shi, ita ce kuma ta kayar da shi.

Daga aji zuwa ƙungiyar ƙwadago

An haifi Djibo Bakary a 1922 a Sudure, wani ƙauyen Zabarmawa kusa da Yamai. Garinsu ɗaya da Diori Hamani, kuma 'yan uwan juna ne. Ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Tawa, inda Hausa ta zauna a bakinsa, abin da ya yi masa rana daga baya a fagen siyasa. Kamar Diori, shi ma ya yi karatu a makarantar William Ponty da ke Senegal, wadda ta horar da akasarin malamai da akawuna na ƙasashen da Faransa ke mulka a Yammacin Afirka. Da ya dawo sai ya kama aikin koyarwa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu al'amura suka fara sauyawa. A 1946 aka soke aikin tilas, a shekarar kuma aka kafa jam'iyyar PPN, wadda ta zama reshen babbar ƙungiyar RDA a Nijar. Djibo ya zama babban sakatarenta. Sai dai a farkon shekarun 1950, da shugaban RDA, Félix Houphouët-Boigny na Kodebuwa, ya raba gari da jam'iyyar kwaminis ta Faransa ya koma sasantawa da masu mulki, Djibo ya ƙi bin wannan hanya. Diori da Boubou Hama suka bi Houphouët, shi kuma ya fita.

Daga nan ya koma cikin leburori da ƙananan ma'aikata yana kafa ƙungiyoyin ƙwadago. A 1954 ya kafa jam'iyyar UDN. Mabiyansa ba manyan akawuna ba ne: direbobi ne da yaran mota, teloli, mahauta, 'yan koli, masu dako, da samarin da suka baro ƙauye suka shigo birni neman na kai. A bakinsu jam'iyyar ta samu sunan da ya bi ta har abada, wato Sawaba. Kalmar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, don a Kano ma da ita aka san NEPU ta Malam Aminu Kano, kuma akwai zumunci tsakanin mutanen jam'iyyun biyu. Alamar Sawaba raƙumi, ta RDA giwa.

Hawa mulki da ƙawancen da bai da tushe

Djibo ya san ƙuri'ar birni kaɗai ba ta isa. Don haka a 1956 ya haɗa kai da jam'iyyar BNA, wadda ke da goyon bayan sarakuna da masu gari da yawa. A ƙarshen shekarar ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko. A zaɓen Maris na 1957, wanda aka yi ƙarƙashin sabuwar dokar da ta ba yankunan mulkin mallaka 'yar ƙwaryar gwamnati, Sawaba ta ci kujeru 41 cikin 60. Djibo ya zama ɗan ƙasa na farko da ya jagoranci majalisar gwamnatin Nijar, ko da yake gwamna Bafaranshe na nan a samansa.

To amma an haɗa kura da akuya a ɗaki ɗaya. Talakawan da suka zaɓe shi suna jiran ya rage wa sarakuna ƙarfi, sarakunan da suka mara masa baya kuma suna jiran ya kare musu rawani. Da gwamnatinsa ta fara hukunta wasu masu sarauta, har ta tuɓe wasu, sai sauran suka fara ja da baya suna jiran ranar ramuwa.

Tambayar 28 ga Satumba

A tsakiyar 1958 Janar de Gaulle ya dawo mulki a Faransa, ya kawo sabon tsarin mulki. Ya ba kowace ƙasa zaɓi biyu. Ƙuri'ar amincewa na nufin shiga Tarayyar Faransa da Afirka: ƙasa za ta riƙe harkokinta na cikin gida, amma tsaro, hulɗar waje, kuɗi, da ma'adinai masu muhimmanci duk suna hannun tarayya, wato a aikace hannun Faris. Ƙuri'ar ƙi kuwa na nufin 'yanci nan take, tare da yanke duk wani tallafi.

A taron jam'iyyar PRA da aka yi a Kwatano a watan Yuli, inda aka zaɓi Djibo babban sakatare, wakilai suka amince da neman 'yanci ba jinkiri. Amma da rana ta ƙarato, manyan abokan tafiyarsa, har da Léopold Senghor na Senegal, suka juya suka ce a amince. A duk Yammacin Afirka ta Faransa shugabannin gwamnati biyu kaɗai suka tsaya kan ƙi: Sékou Touré na Gini da Djibo Bakary na Nijar.

Hujjar Djibo ita ce, tarayyar da ɗaya ke riƙe da bindiga da asusu ba tarayya ba ce, mulkin mallaka ne aka sauya wa riga. Yana ganin a fara samun 'yanci, sannan ƙasashen Afirka su haɗu a tsakaninsu, daga baya su ƙulla hulɗa da Faransa a matsayin tsara da tsara. Yana kuma kallon kudu: Ghana ta samu 'yanci a 1957, Najeriya na kan hanya, kuma kasuwar gabashin Nijar tun fil azal Kano da Katsina take fuskanta.

Hujjar su Diori ma ba ta banza ba ce. Nijar ba ta da teku, ba ta da layin dogo, ba ta da jami'a, 'yan ƙasar da suka yi karatu mai zurfi kuma 'yan ƙalilan ne. Idan Faransawa suka kwashe likitoci da malamai da kuɗinsu a dare ɗaya, wa zai biya albashi, wa zai riƙe asibiti? A ganinsu a shiga tarayyar a yi shiri, 'yanci zai zo a kan lokacinsa.

Yadda tambayar ta isa ƙasar gyaɗa

A Yamai ana maganar 'yanci da martaba. A ƙauyukan Gobir da Katsinar Maraɗi, irin su Cadakori, Gidan Rumji, Agye da Gazawa, tambayar ta fi haka sauƙi, ta kuma fi haka nauyi: wa zai sayi gyaɗa, kuma nawa?

A wancan zamani gyaɗa ce babbar hajar da Nijar ke fitarwa, kuma yankunan Maraɗi da Damagaram ne ke noma ta. Da kuɗinta magidanci ke biyan haraji, ya yi wa iyali sutura, ya aurar da 'ya'ya. Kamfanonin Faransa ne ke sayenta, kuma Faransa na biyan farashin da ya ɗara na kasuwar duniya. Wani kaso na bi ta jirgin ƙasan Kano zuwa Legas, wani kuma Faransawa suka karkatar da shi ta Dahome zuwa Kwatano don kada su dogara da hanyar Ingilishi. Saboda haka manomin Cadakori na tsakanin abu biyu. Idan aka fice, akwai fargabar rasa mai saye da farashi mai kyau. Idan aka zauna, haraji da ikon sarki da na kwamanda suna nan yadda suke. Ga kuma 'yan uwa da surukai a ƙetaren iyaka, ga kasuwannin Jibiya da Katsina da ya fi sani fiye da Yamai.

Wannan kusanci da Najeriya na cikin abubuwan da suka tayar wa Faransa hankali. Ana yaƙi a Aljeriya tun 1954, kuma Nijar na da doguwar iyaka da ita. A 1957 an gano yuraniyom a yankin Azelik, Faransa na kuma shirin gwajin makamin nukiliya a Sahara. Rasa Gini abu ne da za a iya jurewa. Rasa Nijar kuwa ba ta yarda da shi ba.

Ana saura 'yan makonni zaɓe aka turo sabon gwamna, Don Jean Colombani. Hukuma ta fito fili ta shiga yaƙin neman zaɓe, aka baza sojoji, aka takura wa tarukan Sawaba, aka jawo sarakuna, tsoffin abokan Djibo na BNA irin su Issoufou Saïdou Djermakoye suka koma ɗaya ɓangaren. A ƙauye, inda mai gari ke sanin wanda ya fito da wanda bai fito ba, mutane da yawa suka zaɓi zama a gida. Sakamakon hukuma ya nuna kashi 78 cikin 100 sun amince, kashi 22 sun ƙi, amma kusan kashi 37 kacal na masu rajista suka jefa ƙuri'a. Duk da haka, in ban da Gini, babu inda ƙuri'ar ƙi ta kai haka a yankin. Masanin tarihi ɗan ƙasar Holan, Klaas van Walraven, wanda ya daɗe yana bincike kan Sawaba, ya ɗauki abin da ya faru a matsayin juyin mulki.

Gini ta samu 'yanci ranar 2 ga Oktoba, Faransawa kuma suka kwashe ma'aikatansu da kayansu, suka bar ta ta zama izina ga saura. Masu goyon bayan Diori suka ga hujjarsu ta tabbata.

Gudun hijira da jini

A watan Oktoba aka tilasta wa Djibo sauka. Aka rushe majalisa, aka sake zaɓe ranar 14 ga Disamba, ɓangaren Diori ya lashe mafi yawan kujeru, 'yan kujerun da Sawaba ta samu kuma aka soke su. Ranar 18 ga Disamba aka ayyana Jamhuriyar Nijar cikin tarayyar. A Oktoban 1959 aka haramta Sawaba baki ɗaya, Djibo ya yi hijira zuwa Bamako, daga baya Akara.

Abin mamaki, tarayyar da aka yi wannan faɗa a kanta ba ta yi ƙarko ba. Ranar 3 ga Agustan 1960 Nijar ta samu 'yanci a hannun Diori, mutumin da ya ce lokaci bai yi ba, tare da yarjejeniyoyin tsaro da na kuɗi da suka bar wa Faransa babban gurbi.

Da aka toshe masa hanyar ƙuri'a, Djibo ya ɗauki ta bindiga, kuma nan ne babban kuskurensa. An tura samarin Sawaba horo a Sin, Biyetnam ta Arewa, Aljeriya da Ghana. A ƙarshen 1964 suka kutso ta kan iyakoki cikin ƙananan rukunoni, da zaton talakawa za su tashi su mara musu baya. Ba a tashi ba. Aka farauce su, aka harbe wasu a bainar jama'a a Yamai, aka kama ɗaruruwan mutane, wasu suka mutu a tsare. A Afrilun 1965 wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti a filin Idin babbar sallah da nufin kashe Diori. Shugaban ya tsira, wani yaro ya rasu. Bayan kifar da Nkrumah a 1966, Djibo ya koma Gini.

Manomin gyaɗa ma bai ci ribar zaman ba har abada. Kafin shekarun 1960 su ƙare, Faransa ta janye farashin alfarma saboda ƙa'idojin kasuwar bai ɗaya ta Turai. Sai fari ya biyo baya, sai cutar gyaɗa ta 1975. Dogaron ƙasa ya koma kan yuraniyom ɗin Arlit.

Ƙarshen tafiya

Da Seyni Kountché ya kifar da Diori ranar 15 ga Afrilun 1974, Djibo ya dawo gida. Shekara guda bayan nan aka zarge shi da hannu a wata maƙarƙashiya, aka tsare shi na tsawon shekaru. Haka 'yan uwan nan biyu na Sudure suka tsinci kansu a hannun soja ɗaya. Bayan dawowar siyasar jam'iyyu ya wallafa littafin tarihin gwagwarmayarsa a 1992, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Ya rasu a Yamai ranar 16 ga Afrilun 1998.

Yau muhawarar ta dawo da wata fuska. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, Najeriya ta yanke wuta, 'yan kasuwar Maraɗi da na Katsina suka ji a jikinsu. A Janairun 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewa, ficewar ta tabbata a Janairun 2025, ko da yake har yanzu da sefa ake ciniki.

Masu goyon bayan ficewar na kiran sunan Djibo, kuma suna da dalili: ya hango tun da wuri cewa wanda ke riƙe da kuɗinka da tsaronka shi ke riƙe da kai. Masu adawa ma na iya kiran sunansa, domin abin da ya nema a 1958 shi ne a bar mutane su faɗi ra'ayinsu ba tare da tsoro ba, kuma burinsa haɗa kan Afirka ne, ba ƙara mata shinge ba. A wancan karo an tambayi manomin Cadakori amma ba a bar shi ya amsa da zuciya ɗaya ba. A wannan karo ba a kai tambayar akwatin zaɓe ba. A duka biyun, shi ne ke fara sanin farashin amsar, ranar kasuwa.