Likita Baikie, Hafsan Ingila da Bai Gudu Daga Aikinsa Ba

Ya kai mai karatu, wanda ka soma bin Ubangiji Yesu Kristi, ko kuwa ka ke neman sanin hanyarsa, ga labarin wani mutum wanda ya taka ƙasarmu tun zamanin kakanninmu. Ka karanta a natse, gama a cikinsa za ka ga yadda ya kamata mai bi ya riƙe amanar da aka danƙa masa.

Sunansa William Balfour Baikie. An haife shi a Kirkwall, wani gari cikin tsibiran Orkney, can arewacin Sikotlan. Ubansa hafsa ne na jiragen yaƙin Ingila. Ya koyi aikin likita a Edinburgh, a shekara ta 1848 kuwa ya shiga rundunar mayaƙan ruwa, ya zama likitansu.

A kwanakin nan Turawa suna jin tsoron Kogin Kwara ƙwarai. A shekara ta 1841 an aiko jirage uku su hau kogin, zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da arba'in a cikinsu. Ba wanda ya san sauro ne ke kawo ciwon tukuna. A shekara ta 1854 aka sāke aiko wani jirgi mai suna Pleiad, aka sa Baikie ya zama likitan tafiyar. Amma da suka iso tsibirin Fernando Po, sai suka iske John Beecroft, wanda aka naɗa shugaba, ya riga ya rasu. Baikie bai cika shekara talatin ba, ba shi kuwa aka ba shugabanci tun fari ba. Da ya ce a juya gida, da ba mai ganin laifinsa. Duk da haka ya ɗauki nauyin, ya ce a ci gaba.

Sai ka lura da abin da ya yi. Ya kafa doka kowa ya sha kwinin kowace rana, ko da lafiyarsa lau, ya kuwa tsaya a kan dokar ba sakaci. Suka hau Kwara, suka shiga Binuwai, suka wuce iyakar inda wani jirgin Turawa ya taɓa kaiwa da wajen mil 250. Bayan wata huɗu suka komo teku, ko mutum ɗaya bai mutu ba. A cikin jirgin nan akwai Samuel Ajayi Crowther, wanda aka fanshe shi daga bauta yana yaro, daga baya ya zama bishop. Rayukan mutanen nan sun tsira ne ta wurin ƙaramin aiki da aka yi da aminci kullum safiya.

A shekara ta 1857 ya komo da jirgi mai suna Dayspring. Wannan karo jirgin ya bugi dutse kusa da Jebba, ya farfashe. Suka zauna a bakin kogi wajen shekara guda kafin wani jirgi ya zo. Abokan tafiyarsa suka yi ta komawa gida, shi kuwa ya zauna. Ya sami yardar Masaba, Sarkin Nufe, ya kafa mazauni a Lakwaja, inda Kwara da Binuwai su ke haɗuwa. Nan ya sa aka share daji, aka gina gidaje, aka buɗe kasuwa. Shi ne likitan garin, shi ne mai raba gardama, shi ne malami, shi ne kuma mai bi da su cikin sujada. Ya fanshi waɗansu bayi, ya zaunar da su 'yantattu.

Bai raina mutanen da ya zauna a cikinsu ba. Ya koyi Hausa, ya tattara kalmomin harsuna masu yawa, a shekara ta 1862 kuma ya hau doki har Kano. Ya juya waɗansu sassa na Littafi Mai Tsarki da Hausa. Zabura da ya fassara ba a buga ta ba sai a shekara ta 1881, shi kuwa bai gani ba. Gama a shekara ta 1864 ya tashi zai je gida ya huta, ciwo ya kama shi a hanya, ya rasu a Saliyo cikin watan Disamba, bai kai shekara arba'in da ɗaya ba.

Ba mu ce mutumin nan ba shi da aibi ba, gama Mai Ceto kaɗai ne marar zunubi. Amma ka ɗauki abu uku daga gare shi. Sa'ad da nauyi ya fāɗo maka ba shiri, kada ka ce ba nawa ba ne. Sa'ad da aka ba ka ƙaramin aiki, ko sharar ɗakin sujada, ko awon hatsin maigidanka, ka yi shi sosai ko ba mai dubanka. Sa'ad da jirginka ya farfashe, wato danginka suka juya maka baya saboda bangaskiyarka, kada ka yar da abin da ka soma.

Watakila kai ma ba za ka ga amfanin shukarka da idonka ba. Ka shuka dai, girbi yana hannun Allah. Ka roƙe shi yau ya ba ka zuciya mai aminci har matuƙa.